Saƙo a Cikin Kan Zaki: Akwatunan da Birane ke Ɓoye wa Jikoki

A tsakiyar watan Satumban 2014, masu wucewa ta tsakiyar birnin Boston na Amurka suka tsaya suna ɗaga kai. Injin ɗaga kaya ne ya miƙa wuya har saman wani tsohon ginin jan bulo, ya sauko da zaki mai kambi a ka, sannan ya koma ya sauko da abokin tsayuwarsa, doki mai ƙaho ɗaya irin na tatsuniyoyin Turawa. Dukkansu mutum-mutumi ne na jan ƙarfe. Sun haura shekara ɗari a wurin, rana ta dake su, dusar ƙanƙara ta dake su, har adon zinaren jikin zakin ya koɗe.

Aka loda su a mota sai garin Woburn, wurin aikin wani gwanin sassaƙa da gyaran mutum-mutumi mai suna Robert Shure. Kafin ya fara gyara, sai ya zura 'yar ƙaramar kyamara ta wata kafa a kan zakin. Raɗe-raɗin da ake yi ya tabbata: akwai akwati a ciki.

Ranar 9 ga Oktoba, a gaban 'yan jarida, aka cire kambin, aka zaro akwatin, aka ɗaga murfinsa. Tun farkon shekarar 1901 rabon da ido ya ga cikinsa. Abin da ya fara bayyana shi ne wani littafi mai jan bango, a ƙarƙashinsa takardu da hotuna a cushe maƙil.

Irin wannan labari ya yawaita tun shigowar wannan ƙarni. An ji shi a Faris a 2004, an ji shi a Madrid a 2009, an ji shi a Richmond ta jihar Virginia a 2021, an kuma ji shi a makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point a 2023. A tashi gyaran wani tsohon mutum-mutumi, sai a ci karo da akwatin da mutanen da suka bari. Sau da yawa kuma, in an gama gyara, sai mutanen yau su haɗa nasu akwatin su mayar, don waɗanda za su zo nan da shekara ɗari.

Shin me ake sakawa a cikin waɗannan akwatuna? Kuma muryar wa ake ji idan an buɗe su?

Abin da zakin ya haɗiye

Ginin da ake magana a kai sunansa Old State House, an gina shi a 1713, lokacin da Boston ke ƙarƙashin sarautar Ingila. Zaki da doki mai ƙaho tambarin gidan sarautar ne. A gaban wannan gini sojojin Ingila suka buɗe wa jama'a wuta a watan Maris na 1770, mutum biyar suka rasa rayukansu. Daga barandarsa aka karanta wa mutanen gari takardar ayyana 'yancin kai a watan Yulin 1776, jama'a kuma suka tumɓuke zakin da dokin na asali suka cinna musu wuta.

Sai a 1882, da aka yi wa ginin babban gyara, aka sassaƙa sababbi na katako aka ɗora. Katako bai jure ruwa da sanyi ba. Ba a yi shekara ashirin cikakku ba aka maye gurbinsu da na jan ƙarfe, a lokacin ne kuma aka cusa akwatin a kan zakin.

Da ma'aikatan ƙungiyar Bostonian Society, wadda ke kula da ginin a lokacin, suka zauna suka fitar da kayan ɗaya bayan ɗaya, sai ga hotunan gwamnan jihar Massachusetts da magajin garin Boston na wancan zamani, ga jaridu, ga wasiƙu, ga tsoffin ƙusoshi, ga guntun katako daga jikin tsohon zakin da aka sauke. Littafin mai jan bango kuwa kundin takardun hulɗar jakadancin Amurka ne na shekarar 1896.

Akwai kuma bajojin yaƙin neman zaɓe na Shugaba William McKinley da mataimakinsa Theodore Roosevelt. Masu rufe akwatin ba su san cewa kafin shekarar ta ƙare za a harbe McKinley a birnin Buffalo, Roosevelt ya gaje kujerarsa ba.

Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne wani ambulan da aka manne, an rubuta a bayansa cewa saƙo ne ga na baya daga wakilan jaridu masu ɗauko labarai a ofishin magajin gari. Da aka buɗe, wayam. Ko zolaya ce irin ta 'yan jarida, ko ajizanci ne, masu amsar sun daɗe da kwanta dama.

Me ya sa ake ta tono su yanzu?

Dalili na farko shi ne tsufa. Daga wajen 1820 zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, biranen Turai da Amurka sun yi ta gasar kafa mutum-mutumin sarakuna da janar-janar da marubuta a dandali da mararraba. Yanzu waɗannan gine-gine sun kai shekara ɗari zuwa ɗari biyu. Ƙarfen da ke riƙe da su ta ciki ya yi tsatsa, ruwa ya shiga tsakanin duwatsu, hayaƙin motoci ya ci fuskar tagulla. Dole a sauke, a kwance, a gyara. Duk abin da aka ɓoye a ciki kuwa, ranar fitowarsa ke nan.

Na biyu shi ne kayan aiki. A da, sai an fasa dutse kafin a san abin da ke bayansa. Yau akwai kyamarar da ake zurawa ta 'yar kafa, akwai na'urar da ke hango abin da ke ƙarƙashin ƙasa, akwai irin na'urar ɗaukar hoton ƙashi ta asibiti wadda ke nuna cikin akwati tun kafin a taɓa murfinsa. Tsoffin jaridu ma an zuba su a intanet, mai bincike yana zaune zai gano labarin bikin da aka yi shekara ɗari da ashirin baya, har da jerin kayan da aka binne.

Na uku siyasa ce. Tun bayan kashe George Floyd a birnin Minneapolis a watan Mayun 2020, garuruwa da dama a Amurka suka sauke mutum-mutumin mutanen da suka yi yaƙi don kare bautar da baƙar fata. Rushe dandamalin da aka ɗora su a kai ya fito da akwatunan da ba a yi niyyar taɓawa ba.

Sai kuma aikin gari na yau da kullum. Akwatin Madrid ya bayyana ne lokacin da ake sake fasalin dandalin da ke gaban majalisar dokokin Sifaniya, aka matsar da mutum-mutumin marubuci Miguel de Cervantes daga inda yake tun 1835.

Tun zamanin Babila

Al'adar ta girmi Turai da Amurka nesa ba kusa ba. Sarakunan ƙasar da yau ake kira Iraƙi sukan binne rubutattun alluna na yumɓu ko na dutse a harsashin manyan gine-ginensu, da sunan wanda ya gina da abin da ya sa ya gina.

Nabonidus, sarkin Babila na ƙarshe, wanda ya yi mulki a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya bar rubutu cewa da ya tashi sabunta wani wurin bauta a garin Sippar, ya sa an haƙa har aka kai ga rubutun Sarki Naram-Sin, wanda ya riga shi da shekara fiye da dubu ɗaya da ɗari biyar. Bai lalata shi ba. Ya shafe shi da mai, ya ajiye nasa rubutun a gefensa, ya mayar da su tare. Abin da aka yi a Boston ke nan: a gyara, a tarar da saƙon na gaba, a ƙara nasa.

Turawa sun ci gaba da wannan ta hanyar bikin aza harsashi, wanda mu ma muka sani, sai dai su sukan bar rami a cikin dutsen kusurwa su sa kwabbai da jaridar ranar. Ba a sa wa irin wannan ajiya ranar buɗewa. Sai gini ya faɗi ko an zo gyara.

Sa wa akwati wa'adi sabon abu ne. A 1876, lokacin bikin cikar Amurka shekara ɗari, wata mai buga littattafai a New York, Anna Deihm, ta tanadi wani babban sef na ƙarfe, ta tara hotuna da sa-hannun manyan ƙasa, da sharaɗin kada a buɗe sai bayan ƙarni guda. Shugaba Gerald Ford ne ya halarci buɗe shi a 1976. A 1938 kuma kamfanin Westinghouse ya binne wani dogon bututun ƙarfe a filin baje-kolin duniya na New York, da iri na shuka da ƙananan hotunan dubban shafuka da wasiƙar Albert Einstein, ya ce sai shekarar 6939.

Kakanninmu ma sun san binne tulu a ɗaka. Bambancin shi ne mai tulun kuɗi yana ɓoyewa ne don kada a gani, mai akwatin tarihi kuwa burinsa a gani, amma sai bayan ba ya nan.

Ruwa bai san wa'adi ba

Babban abokin gabar waɗannan akwatuna shi ne danshi. Mutanen birnin Tulsa na jihar Oklahoma sun ga haka da idonsu. A 1957 suka binne sabuwar mota fil, ƙirar Plymouth Belvedere, a cikin ɗakin kankare a harabar kotun gari, har da galan-galan na fetur, ko da jikoki za su wayi gari ba su san shi ba. Da aka buɗe a 2007, jama'a sun taru daga nesa, sai aka tarar da motar a cikin ruwa, tsatsa da laka sun cinye ta. Wani ƙaramin akwatin ƙarfe da aka yi wa walda aka ajiye tare da ita shi ne ya fito lafiya.

A West Point abin ya zo da ɗan kunya. Ana gyaran ginin tunawa da Tadeusz Kosciuszko, injiniyan soja ɗan ƙasar Foland wanda ya taimaki Amurkawa a yaƙin neman 'yanci, sai aka samu akwatin dalma da ake kyautata zaton ɗaliban makarantar ne suka ajiye wajen 1828. Aka sa rana a watan Agustan 2023, aka cika zaure da ɗalibai da manyan hafsoshi, ana watsawa kai tsaye. Rana ba ta ƙarya: aka ɗaga murfi, aka haska fitila, babu komai sai busasshiyar laka. Bayan kwana biyu, da wani masani ya tankaɗe lakar a ɗakin bincike, sai ga kwabbai shida da lambar tunawa da haƙa mashigin ruwa na Erie.

Wasu kuwa sun yi sa'a. Akwatin Madrid na dalma ne, an toshe shi ruf, an kuma sa maganin ƙwari a ciki. Littattafai huɗu na labarin Don Quixote bugun 1819 da kundin dokar mulki ta 1834 suka fito kamar ba su kwana ƙarƙashin ƙasa shekara ɗari da saba'in da ɗoriya ba.

Fitar da kayan ma aiki ne mai zaman kansa. Watanni biyu bayan labarin zakin, masu gyaran yoyon ruwa a majalisar jihar Massachusetts suka kai ga ajiyar da Gwamna Samuel Adams da maƙerin azurfa Paul Revere suka sa a harsashin ginin a 1795. Pamela Hatchfield, ƙwararriya daga babban gidan adana kayan fasaha na Boston, ta shafe kusan yini guda kwance cikin sanyi tana sassaƙe filasta kafin akwatin ya fito. Da aka zo buɗewa a watan Janairun 2015, cikin kayan aikinta har da ƙayar beguwa, don ɗaga takardun da suka manne ba tare da sun yage ba. An samu jaridu biyar, kwabbai sama da ashirin, ciki har da na shekarar 1652, da farantin azurfa mai rubutu.

Daga irin waɗannan darussa masu adana kayan tarihi suka fitar da ƙa'idoji. A yi akwati da ƙarfen da ba ya tsatsa, a yi masa walda. A cire iskar ciki ko a sa abin tsotse danshi. Kada a sa roba, ko abinci, ko batir, ko ƙusar maƙale takarda. Hoto baƙi da fari ya fi mai launi daɗewa. Takardar jarida kuwa ita ce ta fi saurin rubewa, ga shi ita kowa ya fi son sakawa. In da hali ma, a ajiye akwatin cikin bango ko cikin gini, don ƙasa ba ta da amana.

Wa ya zaɓi kayan?

A nan ne maganar take. Akwati ɗan ƙarami ne, gari kuwa babba. Dole wani ya zaɓa, kuma mai zaɓen kusan kullum shi ne mai riƙe da gari.

Boston ta 1901 tana da mutum sama da rabin miliyan, kusan ɗaya cikin uku haifaffun wasu ƙasashe ne: 'yan Ailan, Italiyawa, Yahudawan gabashin Turai, masu aikin tashar jiragen ruwa da masaƙu. Mata ba su da ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa sai 1920. Amma muryar da ta fi tashi daga kan zakin ta gwamna ce da magajin gari da 'yan jarida.

A Landan, ƙarƙashin dogon dutsen nan na Fir'aunonin Masar da aka kafa a bakin kogin Thames a 1878, an ajiye kwabbai, da littattafan addini, da jadawalin jiragen ƙasa, da sigari, da hotunan mata goma sha biyu da aka ce sun fi kowa kyau a Ingila. An sa fuskokinsu, ba a nemi jin ta bakinsu ba. Har yau ajiyar tana nan ba a taɓa ta ba.

A Faris, mutum-mutumin Sarki Henri na Huɗu da ke kan gadar Pont Neuf ya fi kowanne nuna yadda akwati ke zama takardar siyasa. Na farkon, masu juyin-juya-hali ne suka farfasa shi a 1792. Da gidan sarauta ya dawo mulki bayan faɗuwar Napoleon, Sarki Louis na Goma Sha Takwas ya sa aka ƙera sabo a 1818, cikin tagullar da aka narka har da ta mutum-mutumin Napoleon kansa. A cikin cikin dokin aka sa akwatuna huɗu, da takardun fata da littattafan yabon Henri da na dawowar sarauta. Bayan shekara goma sha biyu kacal aka sake korar wannan reshe na gidan daga mulki.

Na Richmond ya fi duka zafi. A 1887 aka aza harsashin mutum-mutumin Janar Robert E. Lee, kwamandan sojojin jihohin kudu da suka ɓalle a yaƙin basasar 1861 zuwa 1865. Jaridun lokacin sun ce mutane da ƙungiyoyi talatin da wani abu ne suka ba da kaya kusan sittin. Da aka buɗe akwatin jan ƙarfen a ƙarshen Disambar 2021, abin da aka gani shi ne kuɗin gwamnatin 'yan tawaye, harsasai, maɓallan kakin soja, littattafai da takardun tunawa da yaƙin. A lokacin da aka rufe shi, kusan biyu cikin biyar na mutanen Richmond baƙar fata ne, da yawansu an haife su cikin bauta. John Mitchell Jr., editan jaridar Richmond Planet kuma ɗan majalisar gari, ya fito fili ya soki kafa mutum-mutumin. Akwatin bai san da zamansu ba.

Saƙon da ya bi ta bayan gida

Sai dai masu aikin hannu ba kullum suke yarda a manta da su ba. Kwanaki kaɗan kafin a samu akwatin Richmond na ainihi, ma'aikata sun ci karo da wani na dalma a can saman dandamalin, wanda babu jaridar da ta taɓa ambata. Aka ɗauka shi ne, gwamna ya zo, aka buɗe. Sai ga 'yan littattafai da suka jiƙe, da kwabon Ingila, da hoto. Ɗaya daga littattafan ƙagaggen labari ne da wani injiniyan da ya yi aiki a wurin ya rubuta, hoton kuma na magini ne mai sassaƙa dutse. Masana suka fahimci cewa waɗanda suka yi ginin ne suka bar wa kansu shaida.

A Faris ma, masu gyaran 2004 sun tarar da ƙananan akwatuna uku da ba sa cikin lissafin hukuma. An daɗe ana ba da labari cewa wani ma'aikaci mai son Napoleon ya ɓoye ɗan ƙaramin mutum-mutuminsa a jikin sarkin don ya huce haushi. Ba a ga wannan ba, amma ƙarin akwatunan sun nuna cewa hannun ma'aikata ya shiga inda idon fada bai kai ba.

Yau abin da ake yi a ɓoye ya fara zama na sarari. Bayan gobarar da ta ci majami'ar Notre-Dame ta Faris a watan Afrilun 2019, an ɗora sabon zakaran ƙarfe a ƙololuwar hasumiyarta a Disambar 2023. A cikinsa akwai takarda mai ɗauke da sunayen mutum kusan dubu biyu da suka yi aikin sake ginin, kafintoci da magina da masu kafa tsani.

Kowa da inda ya sa gaba

Masana tarihi da yawa ba sa ɗokin waɗannan akwatuna. William Jarvis, wanda ya rubuta littafi sukutum a kan al'adar, yana cikin masu ganin cewa akasarin abin da ake samu bai ƙara wa mai bincike komai ba. Jaridar da aka binne akwai irinta a laburare, kwabon akwai shi a gidan tarihi, sunan gwamna kowa ya san shi. Abin da masani ke nema shi ne wasiƙar talaka, lissafin cefanen gida, kukan mai haya, hirar kasuwa. Su ne kuma ba a cika sakawa ba, don a ranar biki ba a ganinsu da daraja.

Masu adana kaya damuwarsu daban. A wurinsu, duk abin da aka mayar cikin dutse an sake jefa shi cikin haɗari ne. Shi ya sa takardun dokin Faris suka wuce ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa, kayan zakin Boston ma aka riƙe su a hannun masu kula da ginin. Hukumomin Massachusetts kuwa suka zaɓi cika amanar masu ajiya: a watan Yunin 2015 suka mayar da kayan 1795 cikin harsashin, da ƙarin kwabban shekarar da sabon faranti mai rubutu.

Shugabannin gari da masu kula da tsoffin gine-gine suna kallon wata riba. Gyaran mutum-mutumi aiki ne mai cin kuɗi wanda ba ya jan hankali. Amma da zarar an ce akwai akwati, sai kyamarori su zo, 'yan makaranta su yi layi, masu ba da gudummawa su tuna da ginin. Mutumin da bai taɓa ɗaga kai ya dubi zakin ba sai ga shi yana tambayar shekarar da aka ƙera shi.

Akwai kuma masu cewa wannan duk shagali ne. Garin da ke kashe kuɗi a bikin binne akwati guda, alhali ɗakin ajiyar takardunsa na yoyo, gara na cin fayil, ya bar jaki yana dukan taiki.

Me mutanen yau ke sakawa?

Da za a mayar da zakin Boston kan gininsa a watan Nuwamban 2014, sai aka nemi shawarar jama'a kan abin da ya kamata a bar wa mutanen ƙarni mai zuwa. Cikin abin da aka zaɓa akwai wasiƙu da hotunan shugabanni kamar yadda aka saba, akwai lambar gasar gudun fanfalaki ta Boston ta 2013, shekarar da aka tayar da bama-bamai a wurin ƙare tseren, akwai kuma wayar iPhone 5.

Sabon akwatin da gwamnatin Virginia ta haɗa a 2021 kaya talatin da tara ne, su ma daga shawarwarin jama'a. Akwai kwalbar rigakafin korona da wa'adinta ya wuce, akwai alamar gwagwarmayar Black Lives Matter, akwai hotunan zanga-zangar da aka yi a gindin mutum-mutumin Janar Lee.

An faɗaɗa ƙofa, babu shakka. Amma wayar nan ta tayar da wata tambaya. Takardar 1901 ido kawai take buƙata. Waya kuwa tana buƙatar caji, da manhaja, da kamfanin da zai ci gaba da rayuwa. Ingila ta ɗanɗana wannan: a 1986 BBC ta tattara bayanan rayuwar ƙasar daga dubban makarantu ta zuba a wasu faya-fayai na zamani, don cikar shekara ɗari tara da rubuta kundin ƙidayar ƙasa na Domesday. Ba a yi shekara ashirin ba na'urar karanta faya-fayan ta zama abin nema, sai da ƙwararru suka yi aikin ceto. Kundin 1086 kuwa, da aka rubuta da tawada a kan fata, har gobe ana karanta shi.

Wanda zai buɗe ba naka ba ne

Ko akwati ya tsira daga ruwa, akwai mantuwa. Ƙungiyar da aka kafa a jami'ar Oglethorpe ta jihar Georgia a 1990 don rajistar irin waɗannan ajiya ta ƙiyasta cewa akwai dubbai a duniya, kuma mafi yawansu an manta inda suke. Kwamiti ya watse, masu biki sun mutu, an shimfiɗa kwalta a kan wurin. Kamfanin Westinghouse ya hango wannan, shi ya sa ya buga littafin da ke bayanin inda bututunsa yake, ya rarraba dubban kwafi ga laburare da gidajen ibada a faɗin duniya. Ajiyar da ke ƙasa ba ta rayuwa sai da wanda ke riƙe da labarinta a sama.

Abin da babu mai iya tanada shi ne halin wanda zai buɗe. Mutanen Richmond na 1887 sun rufe akwatinsu suna zaton jikokin da za su karanta shi masu tunani irin nasu ne. Waɗanda suka buɗe shi ma'aikatan gwamnatin da ta sauke Janar Lee daga kan dandamalinsa ne, a watan Satumban 2021, bayan kotun ƙolin jihar ta ba da izini. Dandamalin da aka yi zaton zai dawwama an kwashe shi dutse bayan dutse, mutum-mutumin kuma aka miƙa shi ga gidan tarihin baƙar fata na Virginia, su yanke abin da za a yi da shi.

Don haka duk garin da ke shirin gyara wani tsohon gini ya kuma bar saƙo a ciki, yana da zaɓi biyu. Ko ya cika akwatin da hotunan masu mulki da jawabin ranar biki, ko ya sa farashin burodi da kuɗin haya, da wasiƙar malamar firamare, da sunan leburan da ya haɗa siminti, da abin da ake rigima a kansa a wannan shekara. Na baya za su karanta abin da aka saka, za su kuma lissafa waɗanda aka bari a waje, kuma da duka biyun za su yi wa masu ajiyar hukunci.